Shin dokar kulle ta rage shaye-shaye ne, ko cikin gidaje ta mayar da shi?

Mai_Nazari:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Akwai wata gardama da muka yi da abokin aikina har muka tashi ba wanda ya gamsar da wani, shi ya sa na kawo ta nan ko za a samu masu ilimin abin su warware mana. Tun daga ranar 11 ga Maris 2020, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya, ƙasashe suka shiga kafa dokar kulle ɗaya bayan ɗaya. An rufe gidajen giya da gidajen rawa, an hana taruka, an tsayar da jiragen sama, an toshe iyakoki, kuma mutane da yawa sun rasa aikin da suke samun kuɗin kashewa da shi. A fahimtata, duk hanyoyin da barasa da miyagun ƙwayoyi ke bi su kai ga mutum an datse su a lokaci guda, don haka dole ne shaye-shaye ya ragu. Shi kuwa abokin nawa ya dage a kan cewa ƙaruwa ya yi. Wane ne ke da gaskiya a cikinmu? Na fi son jin ta bakin ma'aikatan lafiya, da kuma wanda abin ya taɓa shi ko ya taɓa wani nasa.

Dattijo_58:
Wa alaikumus salam. Ni dai ina bayanka, Malam. Yawancin matasan da na sani suna shaye-shaye ba a ɗaki suka koya ba, a majalisa suka koya, kuma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Da kulle ya watsa majalisu, yaron da a dā sai tsakar dare yake dawowa ya koma yana kwana a gaban iyayensa. Ban yarda cewa raba yaro da miyagun abokai zai ƙara masa lalacewa ba.

Nas_Rakiya:
Baba Dattijo, abin da ka gani gaskiya ne, amma abin da ido ke gani a titi daban yake da abin da ake kawowa asibiti. Mu da muka yi aikin jinya a wancan lokacin mun ga mutanen da ba su taɓa fitowa titi cikin maye ba, magidanta masu mutunci, an kawo su idanu sun yi rawaya, ciki ya kumbura, hanta ta gaza. Ƙasashen da ke ƙidayar musabbabin mutuwa da kyau sun nuna haka ƙarara. A Birtaniya, mutanen da barasa ta kashe kai tsaye sun tashi daga 7,565 a 2019 zuwa 8,974 a 2020, kuma mafi yawansu ciwon hanta ne ya yi ajalinsu. A Amurka, mace-macen da ke da nasaba da barasa sun tashi daga kusan 79,000 zuwa 99,000 a wannan shekara guda, wato ƙarin kusan kashi 25 cikin 100. Irin wannan tsalle ba a saba ganinsa a cikin shekara ɗaya ba. Titi ya yi shiru ne saboda an hana fita, amma kwalbar ta bi mutum har ɗakinsa.

Abu_Safwan:
Malama Rakiya, ina da ja a nan. An yi ta yayata cewa cinikin barasa a kantuna ya hauhawa a makonnin farko na kulle, amma ai dole ne ya hau, tunda wanda yake sha a gidan giya yanzu ba shi da inda zai saya sai kanti. Wannan sauyin wurin saye ne, ba ƙarin sha ba. Ta yaya za a ce mutuwa ta ƙaru alhali jimillar abin da aka sha ba lallai ne ta ƙaru ba?

Mai_Lissafi:
Tambayar Abu_Safwan ita ce zuciyar maganar, kuma amsarta ce za ta iya sulhunta Mai_Nazari da abokinsa. A Ingila hukumar lafiyar al'umma ta duba wannan a 2021, ta tarar cewa jimillar barasar da aka biya wa haraji ba ta canza sosai ba, daidai da abin da Abu_Safwan ya faɗa. Sai dai da aka duba su wane ne suke saye, an ga cewa waɗanda suka fi kowa saye tun kafin annoba su ne suka fi ƙara saye. Ke nan jama'a ta rabu gida biyu. Mai shan kaɗan, wanda taro ne ke sa shi sha, ya rage ko ya daina saboda babu taro. Mai sha da yawa kuwa, wanda aiki da idon jama'a ne suke taka masa birki, ya ƙara. Idan mutum goma suka rage kofi ɗai-ɗai, mutum ɗaya kuma ya ƙara kofi goma, lissafin jimilla zai nuna ba abin da ya canza, amma hantar wannan mutum ɗayan ce za ta ɗauki nauyin duka. Ga kuma wani abu: a binciken da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta yi a watan Yuni 2020, kusan kashi 13 cikin 100 na manya sun ce sun fara ko sun ƙara shan wani abu domin su jure damuwar annobar. Wannan ba rinjaye ba ne, amma a ƙasa mai yawan jama'a miliyoyin mutane ne.

Abu_Safwan:
Na gamsu da wannan bayanin a kan barasa. A kan ƙwayoyi kuwa har yanzu da saura, domin su ba a kanti ake sayar da su ba, kuma an rufe iyakoki.

Na_Dawo_Hanya:
Ku gafarce ni, zan yi magana a kan kaina, domin ni ba lissafi na karanta ba, a jikina na ji. Kafin annoba na yi shekara biyu da wata huɗu ban sa komai a bakina ba, bayan shekaru da na ɓata ina shan taramol da maganin tari mai kodin. Abin da ya riƙe ni a waɗannan shekarun ba ƙarfin zuciyata ba ne kaɗai, kamar yadda na ɗauka a lokacin. Tsarin yini ne ya riƙe ni. Ina tashi da asuba, in tafi wurin ibada, in wuce wurin aiki, in dawo a gajiye, kuma sau ɗaya a mako muna haɗuwa da wasu da suka bar shaye-shaye irina, kowa ya faɗi yadda makonsa ya kasance. Kulle ya zo ya kwashe waɗannan duka a rana ɗaya. Aiki ya tsaya, wurin ibada a rufe, taronmu ya watse. Na zauna a ɗaki daga ni sai waya, ina karanta adadin waɗanda suka mutu, dare ya zama rana, rana ta zama dare. Mako uku na jure. A na huɗu na nemo lambar wani da na yi rantsuwa ba zan sake kiransa ba, kuma abin da har yau yake ba ni tsoro shi ne bai ɗauki awa biyu ba ya aiko mini har ƙofar gida. Don haka, ɗan'uwa Abu_Safwan, rufe iyaka bai hana ni samu ba. Abin da aka rufe mini shi ne mutanen da suke hana ni nema. Na sha daidai adadin da na saba sha a dā, na manta cewa jikin da ya yi shekara biyu yana hutawa ba shi ne jikin dā ba. Ƙanwata ce ta tarar da ni a ƙasa ina jijjiga. Da ba ta shigo ɗakin a wannan lokacin ba, da ba ni ne nake rubuta wannan ba.

Uwar_Biyu:
Allah ya ƙara maka lafiya, ya tabbatar da kai a kan hanya, ɗana. Ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne mutum ya faɗi wannan a bainar jama'a.

Likitan_Ƙwaƙwalwa:
Na_Dawo_Hanya, na gode da ka faɗi wannan, domin ka bayyana abin da muke fama mu fahimtar da iyalai. Jiki yana sabawa da ƙwaya, har ya zama adadin da zai kayar da sabon shiga shi ne wanda tsohon hannu yake sha ya tafi harkarsa. Idan aka yi hutu, ko da na makonni ne, wannan sabon yana zubewa, amma ƙwaƙwalwa tana riƙe da tsohon adadi. Shi ya sa lokacin da ya fi kowane haɗari shi ne komawa bayan an daina, kuma shi ya sa ake yawan rasa mutane a makonnin farko bayan sun fito daga kurkuku ko daga gidan gyaran hali. Kulle ya jefa mutane da yawa cikin wannan halin ba da shirinsu ba: kaya ya yanke na ɗan lokaci, sannan ya dawo. Abu na biyu shi ne kaɗaici. Ƙwayoyi dangin hiroyin suna kashewa ne ta hanyar rage numfashi a hankali, kuma akwai magani mai suna naloksan da ke farfaɗo da mutum cikin mintuna, amma wanda ya suma ba ya iya ba wa kansa. Shekara da shekaru ana gargaɗin masu ta'ammali da irin waɗannan ƙwayoyi kada su sha su kaɗai, sai ga doka ta zo tana cewa kowa ya zauna shi kaɗai. Shi taramol kuma, ban da danne numfashi, yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya idan aka sha da yawa, wadda ita ce ƙanwarka ta gani.

Mai_Lissafi:
Adadin ya bi bayan likita. A Amurka waɗanda suka mutu saboda shan ƙwaya fiye da ƙima sun kai kusan 71,000 a 2019, suka kai kusan 92,000 a 2020, sannan suka haura 106,000 a 2021. A lardin British Columbia na Kanada, mutanen da ƙwaya ta kashe a 2020 sun fi waɗanda korona ta kashe yawa.

Ɗan_Jarida_Sule:
A nan zan ɗan ja birki, domin ina ganin ana neman a ɗora wa kulle laifin da ba nasa ba ne shi kaɗai. Mace-macen Amurka sun fara hawa tun a ƙarshen 2019, kafin a ji sunan korona, kuma babban dalili shi ne fentanil, wanda ya fi hiroyin ƙarfi kusan sau 50, kuma ake cuɗa shi cikin wasu ƙwayoyi ko a buga shi kamar maganin asibiti ba tare da mai saye ya sani ba. A ƙasashen Turai, inda fentanil bai mamaye kasuwa ba, an yi kulle mai tsanani amma ba a ga irin wannan tsallen ba. Hasali ma binciken ruwan magudanai da ake yi a biranen Turai ya nuna raguwar hodar ibilis da ƙwayar gidajen rawa a kullen farko, sannan suka dawo da aka sassauta doka. Wannan ya goyi bayan Mai_Nazari da Baba Dattijo: abin da ake sha domin taro ya faɗi da taro ya faɗi. Ina jin tsoron mu ɗauki labarin ƙasa ɗaya mu shafa wa duniya.

Likitan_Ƙwaƙwalwa:
Malam Sule, gyaranka yana kan hanya, kuma na karɓa. Fentanil ne itacen, amma hawan da ya fi kowane tsanani ya zo ne tsakanin Maris da Mayu 2020, daidai lokacin da aka rufe komai, don haka kulle ya hura wutar da ta riga ta kama. Game da iyakoki kuma, rahoton ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi na 2021 ya nuna cewa masu fataucin sun farfaɗo da sauri: suka koma aika kaya masu yawa a lokaci guda, suka ƙara bin hanyar ruwa da jiragen sama masu zaman kansu, suka koma kai wa mai saye ba tare da an haɗu ba. Jiragen fasinja ne suka tsaya, jiragen dakon kaya ba su tsaya ba.

Malam_Isuhu:
Ni abin da ya ba ni mamaki shi ne har yanzu ba wanda ya ambaci Afirka ta Kudu, alhali ita ce ta yi gwajin da ya fi kowane bayyana. Daga 27 ga Maris 2020 gwamnatin ƙasar ta haramta sayar da barasa gaba ɗaya, ta ɗage haramcin a farkon Yuni, ta mayar da shi a Yuli, ta sake ɗage shi, sannan ta sake mayarwa a ƙarshen Disamba. Dalilinta shi ne gadajen asibiti, domin masu haɗarin mota da waɗanda aka sara ko aka soka a wurin faɗa suna cinye gadajen da masu korona ke buƙata. Kuma duk lokacin da aka haramta sai masu rauni su ragu, aka ɗage sai su dawo. A safiyar sabuwar shekara ta 2021, asibitin Chris Hani Baragwanath da ke Soweto, ɗaya daga cikin mafiya girma a duniya, ya nuna hotunan sashensa na ceto masu munanan raunuka babu majinyaci ko ɗaya, abin da asibitin ya ce bai taɓa faruwa a irin wannan ranar ba. Ni a wurina wannan hujja ce cewa matsalar ba kulle ba ce, matsalar ita ce a kulle mutane a bar musu kantin giya a buɗe, kamar yadda wasu ƙasashe suka yi har suna sa shi cikin kayan masarufi.

Abu_Safwan:
Malam Isuhu, kada a manta cewa a wannan daren akwai dokar hana fita tun ƙarfe tara. Wanda ba ya kan titi ba zai yi haɗarin mota ba, ko ya sha ko bai sha ba. Da wuya a raba tasirin haramcin da tasirin hana fita.

Likitan_Ƙwaƙwalwa:
Ina girmama ra'ayin Malam Isuhu, kuma raguwar masu rauni gaskiya ce. Amma dole in faɗi ɓangaren da ba a so a ji. Barasa tana cikin abubuwa ƙalilan da yanke su farat ɗaya zai iya kashe wanda jikinsa ya dogara da su. Cikin yini guda hannu zai fara rawa, gumi ya karyo, zuciya ta riƙa bugawa da sauri. Wasu su yi jijjiga, kuma a kwana na biyu zuwa na uku wasu su rikice, su riƙa ganin abin da babu, har a rasa su idan ba a kai su asibiti ba. Da Indiya ta shiga kulle a ranar 25 ga Maris 2020 aka rufe kantunan barasa ba tare da shiri ba, an samu rahotannin mutanen da suka kashe kansu a jihar Kerala saboda azabar rashin sha, har gwamnatin jihar ta yi yunƙurin ba da izinin saye da takardar likita, kotu ta dakatar. Ƙasashen da suka bar kantunan a buɗe ba duka ne suka yi don son kuɗin haraji ba, wasu sun ji tsoron cika asibiti da irin waɗannan. Ba ina cewa kada a haramta ba ne. Ina cewa duk gwamnatin da za ta haramta, to ta fara tanadin inda za a kwantar da waɗanda jikinsu zai tayar.

Nas_Rakiya:
Ga kuma abin da mutum ke sha idan ya rasa wanda ya saba. A Iran, inda barasa haramun ce a doka tun bayan juyin juya halin 1979, jita-jita ta yaɗu cewa shan ta yana kashe ƙwayar cutar korona. Mutane suka sayi haɗin bayan fage wanda aka gauraya da metanol, wani sinadari mai guba, kuma tsakanin Fabrairu da Afrilu 2020 fiye da mutum 700 suka mutu, wasu kuma suka makance. A cikinsu akwai waɗanda ba mashaya ba ne, tsoron cuta ne ya kai su. Sai da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ta bayyana cewa shan barasa ba ya kare kowa daga korona, hasali ma raunana garkuwar jiki yake yi.

Malam_Isuhu:
Wannan ai jahilci ne da jita-jita suka kashe su, ba haramci ba. Amma maganar likita ta tanadin magani kafin a rufe, ban da ja a kanta.

Hajiya_Mai_Haƙuri:
Ina ta karantawa, na ga ana ta lissafin wanda ya sha da wanda ya mutu, ba a lissafa wanda aka kulle tare da mai sha ba. Ina da 'yar'uwa da mijinta yake sha tun da daɗewa, amma a waje yake yi, ya dawo dare ya kwanta, yara ba su san komai ba. Da kulle ya zo sai ya koma yi a gida tun da hantsi, ga rashin aiki, ga zafin rai, kuma babu inda za ta gudu ta kai yara ko na kwana ɗaya. Abin da ta gani a watannin nan ba ta gan shi a shekara goma sha ɗaya na aurensu ba. Babban ɗanta, da yake ganin mahaifinsa kamar ba ya kuskure, har yau bai koma yi masa magana kamar dā ba. Ba a banza ba ne Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya, António Guterres, ya fito a Afrilu 2020 yana kira a kare mata daga cin zarafi a cikin gidaje. A Nuuk, babban birnin Girinlan, an dakatar da sayar da barasa a lokacin kulle ne musamman domin kare yara. Ko da adadin kwalaben da mutum ya sha bai ƙaru ba, sauya wurin shan daga waje zuwa tsakar gida ba ƙaramin abu ba ne ga waɗanda ke cikin gidan.

Uwar_Biyu:
Hajiya, kin taɓo inda yake mini ciwo, ko da yake nawa labarin ya bi wata hanya. Ni kulle ne ya nuna mini abin da ɗana yake ciki. Shekara biyu yana shan tabar wiwi da ƙwayar barci ban sani ba, domin kullum yana makaranta ko wurin abokai. Da muka zauna gida ɗaya dare da rana sai na ga ba ya barci, ba ya cin abinci, abu kaɗan ya fusata, yana ta neman dalilin fita. Na yi kuka, amma na gode wa Allah da na gani tun da sauran gyara. Don haka ba zan iya cewa kulle sharri ne zalla ba.

Dattijo_58:
To kun ji. Abin da na faɗa tun farko ke nan, aka ce idona titi kawai yake gani. Iyaye ne suka yi sakaci shekara da shekaru, kulle ya tilasta musu kallon 'ya'yansu.

Mai_Lissafi:
Baba yana da hujja a kan matasa. Binciken shekara-shekara da ake yi wa ɗaliban sakandare a Amurka tun 1975 ya nuna cewa a 2021 an samu raguwar shaye-shaye mafi girma da aka taɓa gani a shekara guda. Amma duk da haka, matasan da ƙwaya ta kashe sun kusan ninkawa tsakanin 2019 da 2020, saboda jabun ƙwayoyi masu fentanil. Masu sha sun ragu, masu mutuwa sun ƙaru. Sai dai ban yarda da ɗora wa iyaye laifi gaba ɗaya ba, Baba. Uwar_Biyu ba sakaci ta yi ba, yaro mai son ɓoye abu yana iya ɓoye shi ga uwar da ta fi kowa sa ido.

Mai_Kemis:
Ina so in ƙara wani rukuni da ba a ambata ba, domin su ne suka fi zuwa wurina. Mutane ne da ba za su taɓa kiran kansu masu shaye-shaye ba: malamai, ma'aikata, iyaye mata, har da ma'aikatan lafiya. Sun zo ne da kukan rashin barci da faɗuwar gaba, suna neman maganin barci na kwana biyu ko uku. Irin waɗannan magunguna an yi su ne domin ɗan gajeren lokaci, amma da yake ganin likita ya yi wuya, sai mutum ya yi ta maimaita tsohuwar takarda, ko ya nemi a ba shi ba takarda. Na ƙi wasu, suka yi fushi, na kuma san sun samu a wani wuri. Bayan an buɗe gari, wasunsu sun dawo suna cewa ba sa iya runtsawa sai da shi. Waɗannan ba su shiga lissafin masu mutuwa ba, ba su kuma shiga na masu maye ba.

Likitan_Ƙwaƙwalwa:
Domin a yi adalci, akwai abin alheri ɗaya da matsin ya haifar. Masu karɓar metadon, maganin da ake ba wanda ya kamu da hiroyin domin ya daina, a dā a Amurka sai sun je asibiti kusan kullum sun sha a gaban ma'aikaci. A Maris 2020 aka ba da izinin a ba wanda ya natsu na kwana 28 ya tafi da shi gida, aka kuma yarda a fara wani maganin ta hanyar ganawa da likita a waya. An yi fargabar za a karkatar da shi, amma abin da aka ji tsoro bai faru yadda aka zata ba, har aka mayar da sassaucin doka ta dindindin a 2024.

Na_Dawo_Hanya:
Mu ma daga baya taronmu ya koma ta waya, kuma ya taimaka, amma ba kowa ya iya shiga ba. Akwai wanda ba shi da wayar da za ta ɗauka, akwai wanda yake ɗaki ɗaya da iyalin da bai taɓa gaya musu matsalarsa ba, don haka ba shi da inda zai yi magana ba a ji shi ba. Mu tara ne a dā. Biyu ba su dawo ba har yau, kuma ɗaya daga cikinsu na san ya rasu.

Mai_Nazari:
Allah ya jiƙansa. Na shigo da tabbacin cewa ni ke da gaskiya, yanzu kuwa ina ganin na yi daidai a kan matasa da masu shan taro, abokina kuma ya yi daidai a kan waɗanda abin ya riga ya kama. Amma akwai abin da bai warware mini ba. Idan kulle ne sanadi, me ya sa da aka buɗe gari adadin bai koma yadda yake ba?

Nas_Rakiya:
Bai koma ba kam. A Birtaniya adadin waɗanda barasa ta kashe ya kai 9,641 a 2021, ya haura 10,000 a 2022. Hanta ba ta san an ɗage doka ba, ɓarnar da aka yi mata tana ci gaba da bayyana bayan shekaru, kuma wanda ya saba sha tun da rana a gida ba ya bari don an buɗe ofis.

Ɗan_Jarida_Sule:
Ko kuma akwai wasu dalilan da suka biyo baya, kamar tsadar rayuwa da jinkirin ganin likita, waɗanda ba kulle ba ne kai tsaye. Har yanzu ina ganin muna saurin yanke hukunci.

Uwar_Biyu:
Likita, ka yi haƙuri in koma kan ɗana. Ya bar wiwi, amma ƙwayar barcin ce har yanzu yake komawa gare ta jefi-jefi. Mahaifinsa yana cewa a kwashe duka a zubar, a kulle shi a ɗaki mako guda. Bayan abin da ka faɗa a kan barasa, sai na ji tsoro. Ita ma haka take?

Likitan_Ƙwaƙwalwa:
Hajiya, idan irin su diyazefam ce kuma ya daɗe yana sha, to ita ma haka take, yanke ta farat ɗaya yana iya jawo jijjiga. Kada a zubar, kada kuma a kulle shi. Ku tafi da shi wurin likita tare da kwalin maganin, ya faɗi gaskiyar adadin da yake sha da tsawon lokacin da ya ɗauka yana sha, domin a tsara masa ragewa kaɗan-kaɗan cikin makonni. Idan zai yiwu mahaifinsa ya raka ku, ya ji bayanin da kunnensa.